Daga Buzu Zuwa Linzami: Tarihin Mazaunin Ɗalibi a Ƙasar Rabah da Wurno

Teburin ofis da kafintoci suka saba bugawa yakan kai santimita 75 daga ƙasa, domin da jikin babban mutum aka auna shi. In aka ɗora masa kwamfuta, aka jawo kujerar roba irin ta gidan biki aka zaunar da ɗan aji biyu, abin da za a gani ɗaya ne ko a Rara ta ƙasar Rabah ko a Abuja: ƙafafu na reto ba su taɓa ƙasa ba, haɓa ta kusa dafa tebur, wuya a ɗage, hannu na miƙa sama neman madannai. Ma'aunin da ƙasashen Turai suka tsayar wa kayan zaman makaranta ya ba yaro mai shekara shida ko bakwai kujera mai tsayin santimita 31 da tebur mai 53, ɗan ƙarshen firamare kuwa kujera mai 38 da tebur mai 64. Tazarar taƙi guda ce, amma ita ke raba yaron da ke koyo da yaron da ke fama da wurin zama.

Wannan lissafi baƙo ne a gabashin Sakkwato. An daɗe ana karatu a nan, karatu mai zurfi kuwa, ba tare da kowa ya auna ƙafar kujera ba, don kujerar ma babu ita.

Wajajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, garin tsaro a bakin Gulbin Rima, ya riƙa zama a can har ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Ribaɗi a wurin Bello ba ganuwa da mayaƙa kaɗai ba ne. Yana so a zaunar da makiyaya wuri ɗaya, a kawo masu sana'a, a ba gari limami da malamin da zai karantar da yara. Rabah ma cikin wannan jerin garuruwa take, kuma zuriyarsa ce ta riƙe ta. Ɗansa Abubakar Atiku na Rabah daga can ya hau gadon sarautar Musulmi a 1873. A Wurno 'yar'uwar Bello, Nana Asma'u, da mijinta Waziri Giɗaɗo suka yi zama mai tsawo, ita kuma ta shirya jajojinta, mata masu malfa a ka, waɗanda ke ɗaukar karatu su kai wa matan karkara har cikin ɗakunansu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar da littattafan malaman jihadi a hannun mutanen garin, ya zauna ya karanta. Shi kansa Bello, da Baturen nan Hugh Clapperton ya sake zuwa Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya fi murna da ita har da littafin lissafi na Euclid da Larabci, domin nasa ya ƙone a gobara.

Duk wannan ilimi a ƙasa aka zauna aka same shi. Malam na kan buzu, bayansa jingine da bangon zaure ko gindin itace, yara sun yi masa da'ira kan tabarma ko rairayi. Allon daga itacen aduwa ake sassaƙa shi, kuma yana girma tare da mai shi: kolon da ke babbaƙu da farfaru ɗan ƙarami ake ba shi wanda hannunsa zai iya riƙewa, gardi kuwa allonsa ya isa ya ɗauki sumuni. Yaro ya tanƙwashe ƙafa, ya kafa gindin allon a cinya, ya karkata shi daidai idonsa, ya bi baƙaƙe da tsinke. In haske ya yi yawa ya juya, in rana ta cim ma inuwa kowa ya ja tabarmarsa. Tawada gawayi ce ko baƙin tukunya da ƙaro, a dama a zuba a kurtu. Alƙalami kara ne da aka fiƙe da wuƙa. In an biya an haddace, a wanke, a shanya, a sake rubutu. Karatun asuba da na dare kuwa a bakin wuta ake yi, yaran da kansu ke yo karan da za a hura.

Abu ɗaya ne tak a cikin kayan nan ke zuwa daga nesa, wato takarda. Daga Italiya ake kawo ta, ta bi ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, yawancinta da tambarin jinjirin wata uku a jiki. Tsadarta ce ta sa ba a ba yaro ita. Ta malamai ce da masu rubuta Alƙur'ani, a adana ta cikin gafaka. Sauran komai, in ya lalace, akwai mai gyara shi ko mai sake shi a cikin gari kafin kasuwa ta sake ci. Wannan ne babban sirrin ɗorewar makarantar allo, kuma shi ne abin da duk tsarin da ya biyo baya ya yi ta rasawa kaɗan-kaɗan.

Kada a ɗauka aljanna ce. Hayaƙin wutar dare na cin ido, sanyin hunturu na ratsa yaron da ke zaune a ƙasa, dorinar malam kuma ba ado ba ce. Sai dai ta fuskar dacewa da jikin yaro, ba a taɓa yin mazaunin da ya kai ta ba.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ƙididdigar da suka yi a shekarun farko ta nuna makarantun allo kusan 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000. Da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, bai yi gigin kawo benci ba: gini na ƙasa, ɗalibai a kan tabarma, karatu da Hausa. Da gangan ya yi haka, don kada iyaye su ga abin ya yi kama da makarantar mishan, kuma haka makarantun En'e na farko suka taso. Ta irin wannan hanya wani yaro daga Rabah ya bi, jikan Atiku na Rabah: ya fara da allo a gida, aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah. Shi ne Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardauna a 1938.

Benci ya shigo ne a hankali, ya zo da sabon tsarin zama. Da'ira ta warware ta koma sahu-sahu. Allon da ke hannun kowane yaro ya tashi ya koma bango, ya zama guda ɗaya baƙi na kowa da kowa, malam ya miƙe tsaye da alli. A makarantar allo kowa da inda karatunsa ya tsaya, ana ta hayaniya amma kowa nasa yake biyawa. A boko aji ɗaya darasi ɗaya, kowa ya yi shiru ya dubi gaba. Su ma kayan sun sauya asali. Katako daga dazuzzukan kudu, ƙusa da kwanon rufi daga kanti, alli daga ofishin ilimi. Ranar da allin ya yanke ko baƙin allon ya koɗe, sai dabara: tsofaffin malamai har yau suna ba da labarin fasa mataccen batirin tocila a kwaɓa baƙin cikinsa a shafe bango.

Babbar ambaliyar yara ta zo a Satumban 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta, UPE. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. Aka shiga gina azuzuwa biyu-biyu a ƙauyuka cikin gaggawa, aka yaye malamai cikin gaggawa, aka buga bencina masu haɗe da tebur na mutum biyu, aka cusa huɗu ko biyar. Gara ta ci wasu, wasu suka karye ba mai gyara, iskar farkon damina ta yaye kwano. Yaro ya koma ƙasa, amma wannan karon ba tabarma ba buzu, sai fasasshen siminti, ga kuma allon can sama a bango inda aka kafa shi don mai zama kan benci. Zaman ƙasa na makarantar allo tsari ne. Zaman ƙasa na firamare rashi ne.

Sai kuma darasin da ya kamata duk mai shirin ɗakin kwamfuta ya haddace. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hungari, aka rarraba wa ƙananan sakandare. A makarantu da yawa babu ɗakin da za a girka su, babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Suka shekara da shekaru cikin akwatunansu a baranda, tsatsa ta ci na ci, ɓarayi suka kwashe saura. An sayi doki kafin a kafa turke.

Kwamfuta ta fara shiga takardun gwamnati a 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, aka fitar da manufar koyar da ita, aka fara gwaji a makarantun sakandaren tarayya. Firamaren karkara ba ta ma san ana yi ba. Ranar 30 ga Satumba 1999, a birnin Sakkwato, Obasanjo ya sake ƙaddamar da wani shirin, UBE, wanda dokarsa ta 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗiba. Sabon tsarin karatu na shekara tara da ya biyo baya ya sa darasin kwamfuta tun daga firamare. Darasi ya shiga jadawali, na'ura ba ta shiga aji ba. Malam ya ɗauki alli ya zana akwati mai kusurwa huɗu ya ce wannan ita ce fuskar kwamfuta, ya zana wani abu mai wutsiya ya ce linzami ke nan, yara su amsa baki ɗaya, su kwafa a littafi, su ci jarrabawa a kai. A 2018 hoton wani malami a Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zaga duniya saboda ya zana shafin Microsoft Word gaba ɗaya a kan baƙin allo da alli kala-kala. Duniya ta yi mamaki; malaman ƙauyukan Arewa ba su ga abin mamaki ba.

Gwajin da ya fi shahara a Nijeriya a firamaren Galadima aka yi shi, a gefen Abuja, a 2007. Ƙungiyar Nicholas Negroponte ta Amurka, mai burin kowane yaro ya mallaki kwamfutarsa, ta raba wa yara kusan 300 wata 'yar na'ura mai launin kore da fari, XO, wadda aka yi ta tallatawa a matsayin kwamfutar dala 100 ko da yake kuɗinta ya kusa ninka haka. An ƙera ta da tunani: madannanta na roba ne don ƙura da ruwa, fuskarta na karantuwa a tsakar rana, wutar da take ci kaɗan ce. Yaran suka kama ta hannu bibbiyu, har wasunsu suka koyi kwance ta su gyara. Amma caji ya dogara da janareto, intanet ya zo ba tare da tacewa ba har aka samu yara suna buɗe shafukan batsa, wani kamfani kuma, Lancor, ya kai ƙara kotu a Legas yana cewa an kwaikwayi tsarin madannansa na rubuta harsunan Nijeriya. Guda miliyan da aka ce Nijeriya za ta saya ba a saya ba. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya tambayi BBC ina amfanin raba kwamfuta ga yaran da ko wurin zama ba su da shi.

Tambayar tasa ta yi farin jini, kuma tana da ƙamshin gaskiya, sai dai wanda ya san tarihin Wurno zai yi mata gyara. Rashin kujera bai taɓa hana karatu a ƙasar nan ba. Abin da ya kayar da Galadima wuta ce, da kayan gyara, da rashin mai ɗaukar nauyi bayan baƙi sun tafi. Ƙasar Peru ta sayi irin wannan na'ura ɗaruruwan dubbai, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi ko karatun yaran ba. Urugwai, wadda ta haɗa rabon da intanet a makarantu da wuraren gyara da horar da malamai, shirinta na nan da rai tun 2007.

To me ɗakin kwamfuta ke nema a wuri irin Rara, cikin Ƙaramar Hukumar Rabah? Farko dai yana neman abin da zaure bai taɓa nema ba: a rufe shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, fankar cikin kwamfuta kuwa zuƙo ta take yi ta tara a ciki. In an rufe tagogi saboda ƙura, sai Afrilu ta zo da zafin da ke haura digiri 40, ga kwanon rufi, ga numfashin yara. Tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙaton gilashi, irin wadda ake yawan kawowa gudummawa, tana cin wat 150 zuwa 200, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa. Guda ashirin sun kai a ce an kunna dutsen guga uku ko huɗu a ɗaki an bar su. Kwamfutar cinya ba ta cika wuce wat 30 zuwa 60 ba, ta hannu kuwa ko goma ba ta kaiwa. Saboda haka zaɓen na'ura shi ke yanke yawan farantan sola, da girman inbata, da yawan batir, har da ko ɗakin zai zaunu da azahar. Batirin ma zafi ne ajalinsa: irin mai ruwan asid da aka ce zai yi shekara biyar, a yanayin Sakkwato da wuya ya ga ta uku. Silin ba ƙawa ba ne a nan, shi ke tare zafin kwano, muddin an toshe kafofin da jemagu ke bi.

Jerin zaman ma sai an sake tunani. In aka jera tebura sahu-sahu irin na aji, malam bayan na'urori kawai yake gani, wayoyi kuma su bi ta ƙarƙashin ƙafafun yara. Shi ya sa masu tsara irin wannan ɗaki suka fi son a bi bango da tebura ta ɓangare uku, soket da wayarin su bi bangon cikin bututu, a bar tsakiya fili. Malam na tsaye a tsakiya yana ganin fuskar kowace kwamfuta, in zai yi bayani yara su juyo su zauna a tabarma. Taga ta kasance a gefen yaro, ba gabansa ko bayansa ba, don kada haske ya kashe masa ido ko ya faɗa kan gilashin. Saman gilashin ya yi daidai da idonsa ko ƙasa kaɗan, nisan kamu guda da ɗoriya, gwiwar hannu daidai da tebur, tafin ƙafa a ƙasa ko kan ɗan katako. Da'irar ta dawo ke nan, sai dai a juye: malamin allo fuskoki yake kallo, malamin kwamfuta ƙeya.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A manyan firamaren yankin aji kan ninka haka, don haka maganar yaro ɗaya na'ura ɗaya mafarki ne. Biyu ko uku za su haɗu kan guda, kuma benci ya fi kujera dacewa da wannan. Akwai ma hanyar da ta fi araha, wadda masu kwangila ba sa kawowa don ba ta da kyan hoto ranar buɗewa: dogon tebur gajere, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, a shimfiɗa tabarma, a ɗora ƙananan kwamfutoci. Ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida duk ya yi musu, babu kujerar da za ta karye, kafintan gari zai buga shi, mai walda ya yi masa ƙafar ƙarfe saboda gara. Yaran da za su zauna ɗin da asubar ranar ma haka suka zauna gaban malam.

Sauran matsalolin ba na kafinta ba ne. Ambaliyar Satumban 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya batse daga madatsar Goronyo, ta ci garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno; wanda ya ga wannan ba zai ajiye batir a daɓe ba. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni ta ƙasar Rabah da ƙauyukan kewaye, jama'a suka kwararo Gandi, azuzuwa suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A Oktoban 2021 aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Makonni kaɗan kafin nan an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo. Ɗakin da ya dogara da intanet a irin wannan lokaci ya mutu murus. Wanda aka loda wa littattafai da darussa a ciki, ko Wikipedia ta Hausa ta manhajar Kiwix mai aiki ba tare da layi ba, zai ci gaba. Farantan sola da batir kuwa kaya ne masu kasuwa, don haka ƙyauren ƙarfe da sandunan taga sun zama dole, akwatin ƙarfe da za a kulle ƙananan na'urori a kai gidan mai gari lokacin hutu ya fi su duka. Sai dai kullewa ma tana da nata ciwon. Hedimastan da aka sa ya sa hannu kan kaya, aka ce in ɗaya ta lalace a albashinsa, ba zai buɗe ɗakin ba sai ranar da masu duba makarantu za su zo.

Madannan ma da sauran magana: babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a jikinsu. Yaron da aka koya wa karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, in ya zo rubuta sunan ƙauyensu ko na ƙanwarsa, sai an girka masa tsarin madannai na Hausa, abin da ba ya cin ko kwabo amma ba a cika tunawa da shi ba.

Jarrabawa dai ba ta jira kowa ba. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, daga 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. Ɗalibi daga Rara ko Gandi ko Achida sai ya shiga mota zuwa cibiyar da aka tura shi, galibi a Sakkwato, ya zauna gaban abin da wataƙila a zane kawai ya san shi, agogo na tafiya. Masu kama linzami a karon farko sun yi yawan da a 2017, zamanin shugabancin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta sake tsarin yadda za a iya gama jarrabawar da madannai takwas kacal: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R kuma na wanda ya danna S bai shirya ba.